Tambaya da Amsa: Wai wa ke zaɓen waƙar shekara a Najeriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar tura waƙoƙi da finafinai ne a waya, a Funtuwa nake. Kullum in na hau Facebook sai in ga ana ta ce-ce-ku-ce wai waƙar wane ta ci kyautar waƙar shekara ta Headies. Don Allah mece ce Headies ɗin nan, ta gwamnati ce? Yaushe aka fara ta, kuma me ya sa ban taɓa jin waƙar Hausa ta ci ba alhali a shagona waƙar Hausa ta fi tafiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Headies ba ta gwamnati ba ce ko kaɗan. Wani ɗan jarida ne a Legas, Ayo Animashaun, mai mujallar Hip Hop World, ya ƙirƙiro ta, aka yi bikin farko a watan Maris na 2006 a zauren MUSON da ke unguwar Onikan a Legas, lokacin sunanta Hip Hop World Awards, daga baya aka koma kiranta Headies saboda kofin da ake bayarwa siffar kan mutum ne. Abin da gwamnati ke bayarwa daban ne, lambar girma ce irin MON da aka ba marigayi Dr. Mamman Shata, wannan kuma mutum ake ba don hidimar rayuwarsa gaba ɗaya, ba waƙa guda ba.

Rukunin waƙar shekara tun bikin farko yake nan. P-Square ne suka fara ɗauka da Bizzy Body, D'banj ya biyo da Why Me a 2007, sai Yahooze ta Olu Maintain a 2008, sai Gongo Aso ta 9ice a 2009, shekarar da aka kai bikin Abuja. A 2011 Ice Prince, yaron Jos, ya ɗauka da Oleku shi da Brymo, kuma shi ne mafi kusa da mu a duk jerin duk da waƙar ba Hausa ba ce. Daga nan zamanin su Davido da Wizkid da Burna Boy ya kankama, Aye ta Davido a 2014, Ojuelegba ta Wizkid a 2015, Ye ta Burna Boy a 2019, Essence ta Wizkid a 2022. Wannan bikin na 2022 da na 2023 ma ba a gida aka yi su ba, Atlanta ta Amurka aka kwashi kowa aka tafi, abin da ni dai bai kwanta min a rai ba, kyautar waƙar Najeriya a ce mai sauraron da ya yi ta zaɓe ba ya da ko halin ganin ƙofar zauren. A 2025 suka dawo Legas, Asake ya ɗauka.

To maganar Hausa. Wasu za su ce maka ai don ba Turanci muke yi ba, amma duba jerin da kyau, Gongo Aso kusan duk Yarabanci ce, Fada Fada ta Phyno da ta ci a 2016 yaren Ibo ne ya cika ta. Matsalar tana wajen inda ake ƙirga farin jinin waƙa. Kwamiti ne ke tace waƙoƙin da aka gabatar ya fitar da 'yan takara, sannan jama'a su kaɗa ƙuri'a ta intanet, kuma kunnen kwamitin nan yana kan gidajen rediyon Legas da gidajen rawa da alƙaluman manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da Spotify. Kai kuwa ka fi ni sanin yadda tamu waƙar ke yawo. Mutum ya miƙo maka memori ko waya ya ce a cika masa ta Nura M Inuwa da Umar M Shareef, ka jona a kwamfuta ka zuba masa ɗari biyu a zama ɗaya, ya je gida ya tura wa ƙannensa ta Xender, gobe an saka a gidan biki, jibi tana tashi a Keke Napep daga Katsina har Maraɗi, kuma duk wannan sauraren babu inda aka rubuta shi, a idon mai ƙirga a Legas kamar ba a yi ba. Ka tuna 2020 lokacin kulle na korona yadda Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina, matan aure na ta ɗora bidiyon rawa, har Nijar da Kamaru da Ghana. A bikin da ya biyo baya Nobody ta DJ Neptune ce ta ɗauka. Waƙa ce mai daɗi ban ƙi ba, amma wanda ya zauna Arewa a shekarar nan ya san wacce ta riƙe gari.

Da laifin namu ma a ciki. Mawaƙanmu da yawa sun dogara ne da fim da biki da siyasa, ba su da manaja mai bin lokacin da aka buɗe karɓar waƙoƙi ya cike musu fom, wasu ma sai waƙa ta gama yawo a wayoyi sannan su tuna da ɗora ta a manhaja. Kwamitin kuma ya kamata ya sa mutanen da ke jin Hausa a cikinsa, don ba yadda za a yi ka auna waƙar da ba ka san abin da take cewa ba.

TAMBAYA: Aunty ce daga Zariya, ɗana ya ce duk wanda waƙarsa ta ci ana ba shi mota, haka ne?

AMSA: Hajiya yaron ya haɗa biyu ne. Motar ta rukunin sabon mawaƙi mai tasowa ce, wanda suke kira Next Rated, Wizkid ya ci shi a 2011, Davido a 2012, a 2022 kuma har Bentley aka ba BNXN. Mai waƙar shekara kofi yake ɗauka, ribarsa tana zuwa ne daga baya in kuɗin gayyatarsa wasa ya tashi.