Ruwan da muke noma da shi ba a kanmu ya sauka ba

Malam, ina gaisuwa, ina kuma gaida mutanen gida na Katsina baki ɗaya. Ka ce kana koya wa ɗalibanka yadda Allah ya rarraba duniya: hamada, ƙasar ciyawa, kurmi, ƙasar ƙanƙara, sai ruwan daɗi da ruwan gishiri. Ka tambaya mu Hausawan Kusiri ta ƙasar Kamaru a wanne muke, kuma yaya aka yi muke yankan dawa a Fabrairu, alhali a wurinku ko karan gona an daɗe da kwashewa.

Idan ruwan sama za ka duba, mu da ku Danjuma ne da Danjummai. Damina gajera ce, wata uku zuwa huɗu, itatuwanmu su ne naku: aduwa, gawo, goruba, ƙaya iri-iri. A taswirar da ke bangon ajinka kala ɗaya aka shafa mana. Sai dai mu muna da damina ta biyu wadda taswira ba ta nunawa, kuma ba daga sama take zuwa ba, ta ƙasa take gangarowa.

Garinmu yana daidai inda kogin Logon ya haɗu da Shari, Injamena na tsallake, gadar Ngeli ce tsakaninmu. Logon daga tsaunukan wajen Ngaundare yake tasowa, Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya, ƙasar dogayen itatuwa da ke bakin kurmi, inda ruwan shekara yake ninka namu biyu har da ɗori. Ruwan da ya sauka can a Yuli da Agusta sai ya yi makonni yana tafe. Lokacin da ya iso mu, sama ta fara washewa, ku kuna shirin kaka. Sai Logon ya tumbatsa ya malale fili iya ganinka, wanda Fulanin nan ke kira yayre. Wurin da ka bi da babur a bazara ƙura na tashi, a Oktoba sai da kwalekwale. To gaya mini, Malam, wannan tudu ne ko ruwa? Wata shida gidan kifi ne, wata shida makiyayar shanu.

Kakanmu da ya baro Katsina da niyyar aikin hajji a ƙasa, ya yada zango a nan, gero ya sani da dawar damina. Kotoko da Larabawan Shuwa da Barebari ne suka koya wa iyayenmu masakwa, wato dawar rani. Fulani na ce mata muskuwari, baƙar lakar da ake yin ta a ciki kuma karal. Tun Agusta ake yafa iri a wuri guda kamar na albasa. Idan ruwa ya janye, laka ta sha ta ƙoshi, sai a sare ciyawa, a ɗauki sanda mai tsini a huda rami, a sa dashe biyu, a zuba ɗan ruwa. Shi ke nan ban-ruwanta har girbi. Lakar ta bushe ta tsattsage har ƙafar yaro na iya faɗawa, amma can ƙasa da danshi, saiwa na bin sa. Na fi shekara talatin ina ganin wannan, har yau idan na tsaya a gonar masakwa shar da ita cikin hunturu sai na yi tasbihi.

Shi ya sa za ka ji al'adunmu sun ɗan saɓa da naku. Gona a nan ba ta mutum ɗaya ba ce duk shekara. Fili ɗaya, masunci ya ci rabonsa lokacin cikowa, manomi ya bi bayansa, makiyayi ya zo ƙarshe. Duk wanda ya shiga ba a lokacinsa ba, rigima ce, kuma an sha zubar da jini a kan haka, abin da ke ci mini rai ƙwarai, don da can kowa ya san juyinsa. Mu Hausawa galibi muna tsakiya ne: mu sayi tarwaɗa da ƙarfasa, a yi banda, a ɗaure a kai Maiduguri, daga can ta kai har kasuwanninku. Bukukuwan aure ma da yawa sai an sayar da banda ko an sussuke masakwa ake sa rana. Miyar gidanmu kifi ne, yaranmu kuma suna Hausa haɗe da Larabcin Shuwa da Faransanci, ka ji su a waya.

Dattawa suna yawan ambaton 1979, shekarar da aka gina madatsar Maga don noman shinkafa. Ita da farin shekarun da suka biyo baya suka rage malalar, ciyawar ruwa ta mutu a wurare da yawa, kifi ya ja baya, namun dajin Waza ma suka ji a jikinsu. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka mayar da wani sashe.

Duk abin da ya wuce mu Tafkin Chadi yake zuwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Logon da Shari ne. Ga abin da za ka ba ɗalibai su yi tunani: tafkin ba shi da mafita zuwa teku, rana na ƙona shi, amma ruwansa na daɗi ne, ana sha. Gishirin yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, wani kuma ya taru a tafkunan arewa maso gabas ya zama kanwa, irin wadda aka daɗe ana kai muku. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, da aka yi fari a shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Mutane suka bi ruwan, suka noma masara da wake a inda da jirgi ke wucewa. Can ne Buduma ke kiwon shanun Kuri masu kumburarren ƙaho, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri.

Arewa da nan kuma akwai kwarin Bodele, tsohon gindin tafkin ne tun zamanin da ya fi haka girma nesa ba kusa ba. Yanzu busasshiyar farar ƙasa ce, iska na kwasarta tana yin yamma da ita. Hazon da ke rufe Katsina a Janairu, da yawansa daga can yake, wani ma yana ƙetare teku har kurmin Amazon.

Idan hanya ta yi kyau ka zo a hutun Disamba, lokacin masakwa ta fara fid da kai. Zan kai ka gona da safe, da yamma mu sauka bakin Logon ka ga masunta na shigowa.