Likita Ya Amsa: Gyambon da Ya Ƙi Rufewa da Jijiyar da Ke Kumbura a Ɓoye

Wata 'yar uwa daga Jega: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata tana da ciwon suga. Ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa tun damina, har yau ciwon bai rufe ba. Me ke hana shi warkewa?

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Idan mutum ya ji ciwo, fararen ƙwayoyin jini ne ke rige-rigen isa wurin. Cikinsu akwai wadda masana ke kira makurofej. A kwanakin farko aikinta faɗa ne: ta cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, shi ya sa wurin ke zafi yana kumbura. Bayan 'yan kwanaki sai ta sauya hali, ta koma taimaka wa sababbin jijiyoyin jini da sabon nama su tsiro. A jikin mai suga, wannan sauyin ne ke gagara. Sai ta zarce da faɗa, wasu sinadarai masu narkar da nama da ake kira MMP su yi yawa, duk abin da ya tsiro su narkar da shi. Ga kuma jijiyoyin ji da suga ya kashe: Mama na taka ciwon zuwa kasuwa ba ta jin komai, da yamma a ga bandeji ya jiƙe.

Ki kai ta asibiti a cire mataccen naman, a duba ko jini na isa ƙafar, a daidaita sugan, ta kuma daina ɗora nauyi a kan wurin. Don Allah a bar zuba toka ko garin kafso a ciki. In yatsa ya fara baƙi, ko wari ya tashi, ko zazzaɓi ya shigo, kada a kwana a gida.

Wani bawan Allah daga Argungu: An yi wa Baba hoton ciki saboda ciwon mara, sai aka ce babbar jijiyar jininsa ta kumbura zuwa santimita 4. An ce mu riƙa dawowa awo. Me ya sa ba za a yi aiki a huta ba?

Malam, sun yi daidai. Jijiyar sunanta awota, daga zuciya take saukowa har cikin ciki, faɗinta wajen santimita 2. In ta kai 3 ana cewa ta kumbura, kamar yadda tub ɗin keke ke yin ƙulu a inda robar ta yi laushi. Ga maza, galibi sai ta kai 5.5 ake yin tiyata, domin ƙasa da haka haɗarin aikin ya fi haɗarin fashewarta. Abin da ke damuna da wannan ciwo shi ne ba ya ba da alama. Shi ne ajalin masanin kimiyyar nan Albert Einstein a 1955, kuma a Ingila ana gayyatar maza awon ciki idan sun kai shekara 65.

In Baba na shan sigari, ya bari yau. A kula da hawan jini. Sannan ku kiyaye maganin Cipro da ake saye a kemis da sunan taifod: a Disambar 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shi da danginsa na ƙara haɗarin tsagewar wannan jijiya. Matsanancin ciwon ciki ko na baya da ya zo farat ɗaya, ko suma, ku garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ku tafi da takardar hoton.

Wata ɗalibar jinya daga Yauri: Na ji an ce bincike ya gano alaƙa tsakanin kumburin awota da gyambon masu suga. Akwai magani ke nan?

Alaƙar gaskiya ce, 'yata, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa a fannin. Makurofej ɗin nan da ta ƙi barin faɗa a ƙafa, irinta ake samu maƙil a bangon awotar da ta kumbura, tana sakin wani nau'in MMP da ake kira MMP-9, mai cinye zaren da ke ba jijiya ƙarfi da talewa. Masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun bi sawun wani sinadari mai suna JMJD3, wanda ke kunna ƙwayoyin gadon da ke rura kumburi. Sun same shi a gyambon suga, sun same shi a awota, kuma a 2021 suka nuna cewa toshe shi ya kare ɓeraye daga kumburin jijiyar.

Amma ɓera ba mutum ba ne. An sa rai sosai ga doksisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda yana dakushe MMP, sai gwajin da aka wallafa a 2020 ya nuna bai rage saurin girman kumburin ba. Yanzu ana gwada metfomin, maganin ciwon suga, domin an lura awotar masu shan sa ba ta saurin girma. Kafin sakamako ya tabbata, kada marar suga ya saya ya sha saboda wannan.

Wani daga Zuru: Ana gadon kumburin jijiyar?

Ana yi. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi shi ya fi sauran mutane haɗari. Ka gaya wa likitanka, ya sa maka lokacin hoton ciki. Ba allura, ba yanka, 'yan mintuna ne a gama.