Tambayoyinku Kan Fasaha: Tikitin Ƙwallo da Masu Sayar da Hoton Allo

Tun da aka buɗe cinikin tikitin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026, saƙonnin da ke zuwa wannan fili suka koma na ƙwallo, sai ka ce wayoyin jama'a sun daina lalacewa. Na haɗa masu kama da juna, na kuma rage tsawon wasu.

Daga Kaduna: Malam, na duba kuɗin tikitin wani wasa da safe, da na koma da yamma sai na tarar ya ƙaru. Abokina ya ce shafin ya gane iPhone nake riƙewa shi ya sa. Haka ne?

Abokinka ya tsaya a sharhin ƙwallo a majalisa, ya bar mana wannan. Ba wayarka ake kallo ba. A wannan gasa FIFA ta shigo da farashi mai hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema. Da ta buɗe zagayen farko a Satumbar 2025, ta ce mafi araha dala 60 ne a wasannin rukuni, mafi tsada kuma dala 6,730 a wasan ƙarshe, ta kuma faɗa tun lokacin cewa farashin zai iya motsawa. A Qatar a 2022, kujera mafi tsada ta wasan ƙarshe wajen dala 1,600 ce, ka ga tazarar.

Duba kuma ko a ɓangaren sake sayarwa na shafin FIFA kake, inda waɗanda suka riga suka sayi tikiti ke sayar da nasu. A can mai tikitin ne ke yanka kuɗinsa, FIFA kuma ta karɓi kashi 15 cikin ɗari daga mai saye, ta sake karɓar 15 daga mai sayarwa. Tikitin da aka sa wa dala 1,000, kai za ka biya 1,150, shi ya tashi da 850. Goge tarihin burauza ko ari wayar maƙwabci ba zai rage ko sisi ba. Wasanni 104 ne a birane 16; sauya wasa ko sauya ajin kujera, shi ne kawai ragin da ke hannunka.

Tikitin dala 60 da aka ƙara a Disambar 2025 bayan an yi ca a kan tsada, ta hannun hukumomin ƙwallon ƙasashen da suka samu gurbi ake raba shi. Super Eagles kuwa Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da su a bugun fanareti a Rabat a Nuwambar 2025. Don haka duk wanda ya ce maka yana da "kason Najeriya", ka san da wa kake magana.

Daga Kano: Ranka ya daɗe, wani a wani zauren WhatsApp yana sayar da tikiti biyu a rabin kuɗi. Ya turo min hoton tikitin da lambar QR, har da hoton fasfonsa don in yarda. Ya ce in tura rabi yanzu, rabi in na shiga fili. In tura?

Alhaji, kada ka tura. Bari in tsaya a nan sosai, don wannan ita ce tambayar da ke dawowa duk lokacin da babbar gasa ta ƙarato, kuma yawanci sai bayan kuɗin sun tafi ake aiko ta.

Abin da ke wayarka ba shi ne tikitin ba. Tikitin yana cikin rumbun bayanan masu shirya gasar, an ɗaure shi da asusun mutum ɗaya. Lambar QR ɗin nan hanya ce kawai da na'urar bakin ƙofa za ta tambayi rumbun: wannan kujera an shiga da ita ko ba a shiga ba? Wanda ya fara nunawa ya wuce, na biyu na'ura ta yi masa ja. Ko da hoton da ya turo maka na tikitin gaske ne, me zai hana ya tura shi ga mutum ashirin? Ɗaukar hoton allo bai fi daƙiƙa ɗaya ba, turawa kuma kyauta ce.

Wannan ma a tsohon tsari ke nan. A manhajojin tikiti na yanzu, wasu lambar tana sauyawa duk bayan 'yan daƙiƙu, wasu ba ta bayyana sam sai ana dab da wasa, wasu kuma babu lambar gaba ɗaya, sai ka kanga wayar a jikin na'ura ta karanta ta NFC, wato fasahar karanta waya in an kusantar da ita. Tikitin 2026 a cikin manhajar FIFA yake, kuma ba a karɓar hoton allo ko takardar da aka buga. Ka ga ashe hoton da ake nuna maka ya mutu tun kafin ya iso wayarka. Fayil ɗin PDF mai tambari da launi kuwa, yaron da ke buga katin biki zai haɗa maka irinsa kafin la'asar.

Hoton fasfo ba shaida ba ce. Galibi na wani bawan Allah ne da aka damfara a baya, aka ce shi ma ya turo nasa "don a rubuta suna a tikiti". In ka tura naka, da shi za a yaudari na gaba. Maganar rabi yanzu rabi daga baya kuma dabara ce tsohuwa: rabin farkon shi ne duk abin da yake nema.

Akwai salo na biyu da ya fi wannan wayo. Sai a ce, to ga imel da kalmar sirrin asusun gaba ɗaya, shiga ka gani da idonka. Ka shiga, ka ga tikiti na gaske, ka biya. Da daddare mai asusun ya danna "na manta kalmar sirri", saƙon ya tafi lambar wayarsa, ya karɓe abinsa. Kai da ka biya ba ka da ko hurumin kai ƙara wurin masu gasar, domin asusun ba da sunanka yake ba.

Salo na uku shi ne shafin bogi, kuma a nan ne masu ganin sun waye suke faɗawa. Sun rubuta "tikitin kofin duniya" a Google, sun danna na farko, ba su lura talla ce aka biya ba. Karanta adireshin da kyau: sunan da ya zo dab kafin layin karkace (/) na farko bayan https:// shi ne ainihin mai shafin. In bai ƙare da fifa.com a daidai wurin ba, ko da kalmar FIFA ta fito sau uku a farkonsa, ba nasu ba ne. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ma ba ta nufin masu shafin mutanen kirki ne, tana nufin babu mai leƙen hirarka da su. Ɓarawo ma yana samunta kyauta. Na sha faɗa a wannan fili: rubuta adireshin da hannunka sau ɗaya, ka adana shi a burauza, daga nan kullum ta can za ka shiga.

Hanyar da ta halatta biyu ce. Ko ka saya a kasuwar sake sayarwa ta FIFA, ko mai tikitin ya tura maka ta hanyar miƙawa da ke cikin tsarin, ya sa imel ɗinka, tikitin ya bar asusunsa ya bayyana a naka. Ka shiga asusunka da kanka ka gan shi, ba ta mahaɗin da ya turo maka ba. Wanda ya ce miƙawar "tana ba shi matsala" ya riga ya ba ka amsa.

Masu son zuwa kallon Firimiya, ku ma da ku nake. A Ingila, tun dokar 1994, sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba laifi ne, kuma kulob na iya soke tikitin da aka gano ya bi ta hannun 'yan bumburutu. Manyan kulob mambobinsu suke fara sayar wa.

In har ka riga ka tura, kira bankinka yanzu ba gobe ba, ka ba su lambar shaidar turawar, ka adana hirar kafin ya goge, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Kuɗin da aka biya da kati ana iya neman a dawo da su. Waɗanda ka tura da hannunka asusu zuwa asusu, sai addu'a.

Daga Zariya: Na shiga layin shafin na ga dubban mutane a gabana. Na buɗe a waya biyu da kwamfuta, na kunna VPN, sai aka toshe ni.

Ka yi duk abin da manhajar 'yan wawason tikiti ke yi, sannan kana mamaki an ɗauke ka ɗaya daga cikinsu. Na'ura ɗaya, shafi ɗaya, kashe VPN (manhajar ɓoye inda kake), kada ka goge kukis (bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzarka) domin a nan matsayinka na layi yake. In kuma zagayen ƙuri'a ne, wato wanda ake tara masu nema sannan a zaɓi masu sa'a, wanda ya nema ranar farko da na ranar ƙarshe duk ɗaya suke, ba ka da dalilin hana kanka barci.

Daga wata 'yar'uwa a Abuja: Na kai wurin biya, katina ya ƙi, lokaci ya ƙare kujerun suka tafi.

Hajiya, ɗaya cikin huɗu ne. Zagayen farko masu katin Visa kaɗai aka ba dama. Ko katinki na naira ne mai iyakar kashewa a waje. Bankuna da dama sun rufe wannan a 2022, wasu sun sake buɗewa a 2025 amma da ƙayyadadden adadi. Ko ba ki kunna sayayyar ƙasashen waje a manhajar bankin ba. Ko lambar tabbatarwa ta tafi layin da ba ya hannunki. Katin dala ya fi sauƙi, kuma ki gwada shi da ƙaramar sayayya tun kafin ranar. A tsarin ƙuri'a ba a sake tambaya, in kin ci cirewa kawai ake yi, don haka kuɗin su kasance a ciki. Ƙa'ida kuma tikiti 4 ne a wasa ɗaya ga gida guda, 40 a duk gasar.

Daga Kumasi: In na samu tikitin wasannin Black Stars, ya isa in shiga Amurka?

Bai isa ba. Kana tuna katin Hayya na Qatar ne, wanda ya zama izinin shiga ƙasa. Wannan karon babu irinsa. Tsarin FIFA PASS yana gaggauta maka ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka ne kawai, bai ce za a ba ka biza ba. Ka kuma duba jadawali: wasan Ghana da Panama a Toronto yake, wato Kanada, na Ingila a Boston, na Kuroshiya a Philadelphia. Biza biyu ke gabanka, kuma hana ka biza ba ya sa a mayar maka da kuɗin tikiti kai tsaye. Sunan da ke asusunka ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi.

Daga Sakkwato: In wayata ta mutu a bakin fili fa?

Sai ka ji sakamako a bakin masu fitowa. Buɗe manhajar tun a masauki tikitin ya sauka, don sabis yakan cushe inda mutum dubu sittin suka taru. Cika caji, riƙe ƙaramar fawa banki in dokar filin ta yarda, ƙara hasken allo a bakin ƙofa. Allon da ya tsage a tsakiya a gyara shi tun a gida. Kada ka sauya waya ko ka sabunta tsarinta a ranar wasa, kuma lambar tabbatar da shiga ka mayar da ita kan imel ko manhajar tantancewa, domin layinka na gida ba lallai ya karɓi saƙo a can ba.