Ko an kori mutanen Menominee daga ƙasarsu gaba ɗaya?

Ka tambaya ko yarjejeniyoyin da ƙabilar Menominee, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka, ta ƙulla da gwamnatin Amurka sun raba ta da ƙasarta duka. Ba su raba ta ba, amma daga kimanin eka miliyan 10 abin da ya rage mata a jihar Wisconsin kimanin eka 235,000 ne kawai.

A yarjejeniyar 1848 an so mayar da su Minnesota, sai shugabansu Oshkosh ya je ya duba wurin ya ƙi, wanda ya sa aka keɓe musu yankin kogin Wolf a 1854. Abin da na lura a karatuna shi ne mutane kan manta da 1961, lokacin da gwamnati ta soke matsayinsu na ƙabila, har talauci ya sa aka sayar da filayen bakin tafki kafin a maido musu da matsayin a 1973.