Daga Yaushe Ake Fara Ƙirga Lokacin Riƙon Zafi Bayan Walda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kura, an ba ni gyaran wani tanki mai ɗaukar matsi a wata masana'antar shinkafa, kaurin ƙarfensa milimita 40. Injiniya ya ce sai an gasa waldar bisa ƙa'idar ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, a dumama waldar a riƙe ta da zafi na wani lokaci, an kuma kawo masa shaida. Shin in sayi bindigar auna zafi, tunda ta fi araha, ko in ɗauko hayar na'urar rikodin zafi daga cikin Kano? Kuma daga yaushe zan fara duba agogo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka ɗauko hayar na'urar rikodi tare da wayoyinta na tamokofil, wato wayoyin auna zafi da ake mannawa a jikin ƙarfe, ka bar bindigar. Bindiga ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin bargon riƙe zafi da za ka lulluɓe waldar da shi, karatunta yana sauyawa gwargwadon tsatsa ko shekin ƙarfe, sannan ba ta barin takardar da sufeto zai sa wa hannu. Sayen na'urar kuwa bai kamata ba sai irin wannan aiki yana zuwar maka a kai a kai.

Batun agogo shi ne inda masu walda da yawa ke asarar aikinsu. Idan ƙarfen tankin gama-gari ne, wanda kundin ASME sashe na 8 ya sa a rukunin P-No. 1, gashin ya zama dole da zarar kauri ya wuce milimita 38. Mafi ƙarancin zafin riƙo shi ne digiri 595 a ma'aunin Salshiyos, lokacin kuma awa ɗaya ga kowace milimita 25, wato naka ya kama awa ɗaya da minti 36. Ba a fara wannan ƙirga daga lokacin da aka kunna wuta, ba a kuma fara ta don waya ɗaya ta nuna 595. Ana farawa ne a daidai mintin da waya mafi sanyi a cikin dukkan waɗanda ke kan yankin waldar ta kai 595. Idan ta sama ta kai da ƙarfe 10, ta ƙasa ba ta kai ba sai 10 da minti 25, to agogonka ya tashi daga 10 da minti 25. A tsawon riƙon ma, tazarar da ke tsakanin mafi zafi da mafi sanyi kada ta wuce digiri 83.

Saboda haka ka manna wayoyin a jikin ƙarfen kansa, sama da ƙasa da kuma inda ya fi kauri, kada su zauna a jikin abin dumamar. Ka toshe bakunan tankin, musamman idan a fili za ka yi aikin lokacin hunturu, domin iska kaɗai tana iya hana ɓangaren ƙasa kaiwa.

Ka tanadi janareta da isasshen mai tun kafin ka fara. Idan zafin wata waya ya sauka ƙasa da 595, mintocin da ta yi a ƙasa ba sa shiga lissafi. Kundin ya yarda a tara lokacin riƙo daga zagaye fiye da ɗaya, amma ka daidaita da sufeto kan wannan tun da wuri. Hawa da sauka su ma a ƙayyade suke daga digiri 425 zuwa sama: ga kaurinka, hawan kada ya wuce kamar digiri 139 a awa, saukar kuma 175.

Kafin ka biya kuɗin haya, ka nemi takardar da ke nuna an gwada ingancin na'urar kuma wa'adinta bai ƙare ba, ka tabbatar agogonta daidai yake, sannan ka ƙara minti 10 zuwa 15 a kan lokacin riƙon idan injiniyan ya amince. Allah Ya ba da sa'a.