Tambaya da Amsa: Sudoku ta tsaya mani cak, wai sai dai in yi kirdado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, nan Ƙofar Marusa nake cikin Katsina. Na kusa shekara biyu ina buga sudoku a waya (wasan nan na cika gurabe da lambobi 1 zuwa 9 ba tare da lamba ta maimaitu a layi ɗaya ko akwati ɗaya mai gurabe tara ba), mai sauƙi da matsakaiciya duk ina gamawa, ina rubuta 'yan takara a gurbi, wato lambobin da za su iya shiga cikinshi, na san tagwaye na fili da na ɓoye, wato lambobi biyu da suka riƙe gurabe biyu a layi ko akwati ɗaya. Amma da na shiga mai wuya sai in kai wani wuri komai ya tsaya, in duba in sake dubawa babu lambar da zata shiga. Wani abokina a majalisa ya ce daga nan sai kirdado, ka sa lamba in waya ta nuna ja ka goge, wai har ƙwararru haka suke yi. Abin na damuna wallahi, har na fara ganin ko kaina ne bai ja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kanka lafiya lau yake, wanda ya san tagwayen ɓoye ba za a ce kanshi bai ja ba. Ka iso inda duba gurbi ɗaya-ɗaya ya daina aiki ne, yanzu sai ka koyi kallon gurabe huɗu ko shida a tare, kamar mai dara da ke lissafin ƙwayar da zai ci bayan motsi biyu. Kuma ka daina neman lambar da zaka SAKA, a wannan matakin aikin shi ne neman ɗan takarar da zaka CIRE.

Fara da wadda Turawa ke ce ma Ekis-wing, ni gicciye nake ce mata in ina koya ma yara. Ɗauki lamba guda, a ce 7. A layin kwance na 2 ka ga 7 ba ta da wurin zama sai layin tsaye na 3 ko na 8. Ka sauko layin kwance na 6, nan ma sai 3 ko 8. To in ta sama ta zauna a 3 dole ta ƙasa ta koma 8, in ta sama ta zauna a 8 ta ƙasa ta koma 3, ko ta yaya dai waɗannan layukan tsaye biyu sun riga sun samu 7 ɗinsu, don haka duk wata 7 da ka rubuta a wani gurbi na layin tsaye 3 da 8, banda waɗannan huɗun, goge ta. In abin ya zama layuka uku na kwance da suka matse lambar cikin layuka uku na tsaye, hujjar ɗaya ce, faɗinta ne kawai ya ƙaru.

Sai awartaki. Ka nemo gurbi mai 'yan takara biyu kacal, a ce 2 da 5. Yana ganin wani gurbi mai 2 da 9, yana kuma ganin wani mai 5 da 9, gani a nan ina nufin layi ɗaya ko akwati ɗaya suke. In na tsakiya mai 2 da 5 ya zama 2, mai 2 da 9 ya zama 9. In ya zama 5, mai 5 da 9 ya zama 9. Kenan duk gurbin da ke ganin bakunan awartakin nan biyu, wato guraben nan masu 9, ba zai taɓa zama 9 ba. Waɗannan dabarun biyu sun ishe ka aikin wata guda.

Yanzu bari in dawo kan abokinka, don maganar nan ta kirdado ta ishe ni, kullum sai na ji ta, a makaranta, a wurin mai shayi, har wani dattijo da ya yi ritaya ya taɓa rantse mani cewa manyan sudoku sa'a ce. Ba sa'a ba ce. Sudoku da aka tsara ta daidai amsa ɗaya tak gare ta, kuma tunda amsar ɗaya ce to kowace lamba akwai dalilin da ya tilasta mata zama inda take, ko ka gano dalilin ko baka gano ba. Wanda ya sa 4 ya jira waya ta yi ja, ba sudoku yake bugawa ba, caca yake da manhaja, ita ce ta san amsa shi yana ta ƙwanƙwasa ƙofa har a buɗe mashi. Ya gama, an buga mashi tafi da taurari a sikirin, gobe a miƙa mashi irinta a takarda ya zauna yana muzurai. Na gani da idona, yaro yana taƙama wai minti shida yake gama mafi wuya, na kwafe mashi ita a takarda na ba shi fensir, har aka kira la'asar bai ƙara lamba uku ba.

Kuma ko a takardar kirdado mugun ciniki ne. Ka canki lamba, ka ɗora goma sha biyar a kanta, can ƙasa ka tarar 6 biyu a akwati ɗaya, to yanzu wacce ce ta gaskiya wacce ce 'yar kirdado? Ka goge ka goge takarda ta huje. Mafi muni ma shi ne in ka dace, don ranar baka koyi komai ba kuma ka tafi da yaƙinin cewa ka iya. Masu bidiyon nan na TikTok da ke cewa ga sirrin gama kowace sudoku cikin minti biyu su ma ka rabu da su, mai sauƙi suke ɗaukowa su yi ta da kiɗa.

Abokinka zai ce maka ai awartakin ma "in kaza ne to kaza" ne, mi ya raba shi da kirdado? Ga abin da ya raba su: ka bi duk hanyoyin biyu a kanka har ƙarshe, ka ga sun haɗu a wuri ɗaya, sannan ka taɓa fensir. Baka rubuta komai bisa fata ba.

Wuri ɗaya zan ba shi gaskiya. Akwai sudoku na bogi, wasu manhajoji da ƙananan littattafai suna fitar da masu amsa biyu ko fiye, a nan kam hankali zai kai ka bango don babu dalilin da zai fifita wata lamba. A 2012 Gary McGuire da abokan aikinshi a Dublin ta ƙasar Ailan suka tabbatar da kwamfuta cewa babu sudoku mai amsa ɗaya da aka fara da lambobi ƙasa da 17 cikin gurabe 81, in ka ƙirga ka ga 16 kada ka ɓata lokacinka. Amma fa yawan lambobi bai nuna sauƙi, mai 17 na iya zama ruwa-ruwa, mai 26 ta kwana da kai.

Wannan amsa ɗayar ma dabara ce. Gurabe huɗu a kusurwa huɗu, layi biyu kwance biyu tsaye, cikin akwati biyu, uku suna da 4 da 6 kawai, na huɗun yana da 4, 6 da 8. In ba 8 ba ce, 4 da 6 za su iya musayar wuri a samu amsa biyu, don haka 8 ce. Sai dai kada ka yi ta a sudokun da baka yarda da inda ta fito ba.

Yau ka shiga saitin manhajar ka kashe abin nan mai nuna kuskure da ja. Sannan kafin ka fara farautar gicciye sake bin 'yan takararka gurbi-gurbi, don sau da yawa in aka kawo mani wadda ta tsaya, ɗan takara ɗaya aka manta ba a goge ba. In ta sake tsayawa ɗauko hotonta yadda take ka turo mani, kada ka ƙara mata komai.