Dalbejiya: Sunan Aro a Kan Baƙuwar Bishiya

Tambaya: Malam, dalbejiyar ƙofar gidanmu ta yi huda, da magariba ƙamshinta har cikin ɗaki. Shin sunan nan Hausa ne?

Amsa: Ba Hausa ba ne, ita kanta bishiyar baƙuwa ce. Asalinta yankin Indiya, a zamanin Turawa aka kawo ta lardin Borno a 1928, daga nan ta bazu. Masana tsirrai suna kiran ta Azadirachta indica, daga Farisanci azad dirakht, wato 'yantacciyar bishiya. To ina aka samo dalbejiya? Akwai wata bishiyar Indiya, Dalbergia sissoo, da ma'aikatan gandun daji suka yi ta dasawa. Kunnen Bahaushe ya kama sunan, bakinsa ya lanƙwasa shi, aka liƙa wa 'yar'uwar tafiyarta. Shi kuwa Dalbergia, ɗan shahararren masanin tsirran nan Linnaeus ne ya raɗa shi a 1782 don girmama wasu 'yan'uwa biyu mutanen Suwidin, Nils da Carl Dalberg. Ke nan gyatumar da ke dafa ganyen nan saboda zazzaɓi sunan Bature take ambato ba ta sani ba.

Masu cewa darbejiya ba su yi kuskure ba, musayar l da r ce irin ta halshe da harshe. Ni dai dogon yaro ya fi kwanta mini, don shi ne namu na kanmu: wanda ya raɗa shi ya ga bishiyar da ta zarce katanga tun tana ƙarama. Abin da ke sosa mini rai shi ne, mutanen Kudu sun ari sunan sun mai da shi "dongoyaro", wannan ba laifinsu ba ne, amma yanzu 'ya'yanmu ke kwaso shi daga intanet suna rubutawa haka. Kayanka ya je yawo ya dawo a karkace, ka karɓa har da godiya!

Tambaya: Fure ko fulawa?

Amsa: Fure, jam'i furanni. Bar wa masu burodi fulawarsu.

Tambaya: Me ake nufi da "inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi"?

Amsa: Mai yi wa bare alheri, na gida suna kallo. Ka tsaya a gindinta da hantsi, za ka ga inda inuwar ta faɗa. Kuma wannan "ka" ba umarni ba ne, kamar yadda wasu ke karanta shi. "Ke sha" ake nufi.